Tallafin inshorar lafiya da harajin kuɗin shiga: Yadda taimako ke rikiɗewa ya zama bashi a Amurka

Ranar 1 ga Janairun 2026 ta zo da sauye-sauye biyu a ƙasashe biyu masu nisan juna, kuma kowanne ya taɓa aljihun mai biyan haraji. A Najeriya, sabuwar dokar harajin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki. A Amurka kuwa, a ranar ce mutum sama da miliyan 20 suka wayi gari babu ƙarin tallafin da gwamnatin tarayya ta shafe shekara biyar tana ba su wajen biyan kuɗin inshorar lafiya.

Wannan ƙarin tallafi shi ne ƙashin bayan rikicin da ya tsayar da ayyukan gwamnatin Amurka na kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, tsaiko mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa wancan lokacin. 'Yan jam'iyyar Dimokurat sun ƙi amincewa da kasafin wucin gadi sai an tsawaita tallafin, 'yan Rifablikan kuma suka ce a buɗe gwamnati tukuna. An sasanta ne bayan sanatoci takwas daga ɓangaren adawa sun sauya matsayi, bisa alƙawarin za a kaɗa ƙuri'a kan batun a watan Disamba. An kaɗa ƙuri'ar, ba a samu sittin ɗin da ake buƙata ba, wa'adin kuma ya cika a daren 31 ga Disamba.

Yawancin rahotannin da aka yi a lokacin sun tsaya ne a kan tsadar kuɗin inshora. Amma a bisa doka, tallafin nan rangwamen haraji ne, a cikin kundin dokar haraji yake, hukumar tara haraji ta IRS ce kuma ke yanke hukuncin ƙarshe a kansa. Saboda haka duk wanda ya karɓe shi sai ya zauna da hukumar an warware lissafi a ƙarshen shekara, kuma daga shekarar haraji ta 2026 sharuɗɗan wannan zama sun ƙara tsauri.

Asalin tsarin

A ranar 23 ga Maris ɗin 2010 Shugaba Barack Obama ya sanya hannu a kan dokar sauƙaƙa kuɗin kiwon lafiya, wadda aka fi sani da Obamacare. Amurka ba ta da tsarin lafiya guda ɗaya na gwamnati irin na Ingila. Mafi yawan masu aiki suna samun inshora ne ta hannun kamfanonin da suke yi wa aiki, tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama suna ƙarƙashin shirin Medicare, marasa galihu kuma shirin Medicaid. Waɗanda suka faɗa tsakiya, wato masu sana'ar kansu, direbobin tasi, manoma, ƙananan 'yan kasuwa da waɗanda suka ajiye aiki kafin su kai 65, su ne dokar ta buɗe wa kasuwar inshora ta intanet, inda mutum ke zaɓar kamfanin da yake so, gwamnati kuma ta ɗauke masa wani kaso na kuɗin. Kasuwar ta fara aiki gadan-gadan a Janairun 2014.

Tun daga farko makomar dokar a ɗaure take da haraji. A 2012 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da sashen da ya tilasta wa kowa mallakar inshora, bisa hujjar cewa tarar da ake ci wanda ya ƙi nau'i ce ta haraji, kuma majalisa na da ikon ɗora haraji. A 2015 kotun ta sake tabbatar da cewa tallafin ya shafi dukkan jihohi, har da waɗanda ba su kafa kasuwarsu ta kansu ba. Daga baya dokar rage haraji ta 2017, a wa'adin farko na Shugaba Donald Trump, ta mayar da waccan tara sifili daga 2019, amma tallafin ya ci gaba.

Yadda ake lissafinsa

Abu biyu ake dubawa: kuɗin shigar iyali na shekara, da farashin wani tsarin inshora matsakaici da ake ɗauka a matsayin ma'auni a yankin da mutum yake. Doka ta ƙayyade kason kuɗin shiga da ya kamata iyali su biya daga aljihunsu, abin da ya yi saura daga farashin ma'aunin kuma gwamnati ta cike. A 2026 wannan kaso ya kama daga kashi 2.1 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙarfi zuwa kashi 9.96 ga waɗanda suka fi samu.

Ana auna ƙarfin iyali ne da layin talauci na gwamnatin tarayya. Alƙalumman da ake amfani da su a inshorar 2026 su ne dala 15,650 a shekara ga mutum ɗaya, da dala 32,150 ga iyali mai mutum huɗu. Dokar asali ta ce tallafin na waɗanda samunsu ya kama daga daidai layin ne zuwa ninkinsa huɗu. Ninki huɗun nan, wato dala 62,600 ga mutum ɗaya da dala 128,600 ga iyalin mutum huɗu, shi ne iyaka.

Mutum na iya biyan cikakken kuɗin inshorarsa duk wata, sannan ya nemi rangwamen gaba ɗaya lokacin cike takardun haraji. Kaɗan ne ke da wannan hali. Mafi yawa sukan zaɓi a riƙa tura tallafin kai tsaye ga kamfanin inshora wata-wata, tun kafin a san ainihin abin da za su samu a shekarar. Ma'ana, a watan Nuwamba ko Disamba ake tambayar mutum nawa yake sa ran samu a shekara mai zuwa, kuma a kan wannan kirdado ake biyan kuɗin. Ga ma'aikaci mai tsayayyen albashi abu ne mai sauƙi. Ga ɗan kasuwa ko direban da samunsa ke hawa yana sauka, tambaya ce da ba wanda ke iya amsa ta daidai.

Ranar warware lissafi

A farkon shekara mai biyowa, kasuwar inshorar kan aika wa kowa fom mai lamba 1095-A, wanda ke nuna adadin tallafin da aka biya a madadinsa. Da shi mutum zai cike fom 8962, ya haɗa da takardun harajinsa kafin 15 ga Afrilu. A nan ake kwatanta abin da aka biya da abin da ya cancanta bisa ainihin samunsa. In ya samu ƙasa da kirdadonsa, gwamnati za ta cika masa ragowar, ko da kuwa ba ya cikin masu biyan haraji. In ya samu fiye, bambancin sai ya hau kan harajinsa, ko a zare shi daga rarar da ya kamata a mayar masa.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauka ga wani direba ɗan shekara 60, ba shi da iyali, kuma inshorar ma'auni a garinsu dala 1,000 ce a wata, wato 12,000 a shekara. Ya yi kirdadon zai samu dala 55,000 a 2026. Kashi 9.96 na wannan ya kama dala 5,478, saboda haka gwamnati za ta tura wa kamfanin dala 6,522 a tsawon shekarar.

In kasuwa ta yi kyau ya tashi da dala 60,000, kasonsa ya koma 5,976, tallafin da ya cancanta kuma 6,024. Zai mayar da dala 498, abin da bai taka kara ya karya ba. Amma in ya ƙara himma ya kai dala 63,000, ya haura iyakar da dala 400 kacal, kuma doka ta ce bai cancanci ko sisi ba. Dukkan dala 6,522 ɗin za ta dawo masa a matsayin bashin haraji. Ƙarin dala 3,000 da ya sha wahalar nema ya jawo masa asarar fiye da dala 6,000, ban da harajin da zai biya a kan ƙarin.

Masana haraji a Amurka kan kwatanta wannan iyaka da bakin rami, domin tallafin ba raguwa yake yi a hankali ba idan an zo wurin, yankewa yake yi lokaci guda. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai yawan shekaru, kasancewar doka ta yarda kamfanoni su caji dattijo har ninki uku na abin da suke cajin matashi.

Abin da ya sauya

A Maris ɗin 2021, ana tsakiyar annobar korona, Shugaba Joe Biden ya sanya hannu a kan dokar farfaɗo da tattalin arziki, wadda ta cike wancan rami na ɗan lokaci. Ta ce babu wanda zai biya sama da kashi 8.5 na samunsa a kan inshorar ma'auni, komai yawan samun, waɗanda kuma ba su wuce ninki ɗaya da rabi na layin talauci ba za su iya samun ta ba tare da biyan ko kwabo ba. Wata dokar ta Agustan 2022 ta tsawaita wannan zuwa ƙarshen 2025. A ƙarƙashin wancan tsari, direban da aka buga misali da shi zai biya dala 5,355 ne a kan samun 63,000, gwamnati ta ɗauki 6,645.

Sakamakon ya bayyana a alƙaluma. Masu rajista a kasuwar sun tashi daga kimanin miliyan 12 a farkon 2021 zuwa sama da miliyan 24 a 2025, kuma galibinsu da tallafi suke biya. Ƙaruwar ta fi yawa a jihohin kudu irin su Texas da Florida, waɗanda Trump ya lashe a zaɓen 2024, abin da ya sa batun ya zama ƙarfen ƙafa ga wasu 'yan majalisar jam'iyyarsa. Cibiyar binciken harkokin lafiya ta KFF ta yi ƙiyasin cewa ƙarewar ƙarin tallafin zai ɗaga matsakaicin abin da mai cin gajiyarsa ke biya daga dala 888 a shekara zuwa dala 1,904, wato fiye da ninki biyu.

Akwai sauyi na biyu wanda bai ja hankali sosai ba, alhali shi ne ya fi shafar haraji kai tsaye. A da, in samun mutum bai haura ninki huɗu na layin talauci ba, doka ta ƙayyade iyakar abin da za a ce ya mayar, komai girman kuskuren kirdadonsa. A harajin 2025, mutum ɗaya da ke ƙasa da ninki biyu ba zai mayar da sama da dala 375 ba, wanda ke tsakanin ninki uku da huɗu kuma dala 1,625, ma'aurata kuwa ninkin waɗannan. Babbar dokar haraji da kashe kuɗi da Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta soke wannan kariya daga shekarar haraji ta 2026. Takardun harajin samun 2025, waɗanda ake cikewa a 2026, suna ƙarƙashin tsohon tsari. Waɗanda za a cike a farkon 2027 su ne za su fara nuna tasirin sabon, lokacin da mai ƙaramin ƙarfin da ya samu aiki mai gwaɓi a tsakiyar shekara, ya kuma manta bai sanar da kasuwar inshora ba, zai tarar da cikakken bambancin yana jiransa.

Dokar ta kuma taɓa baƙi, ciki har da 'yan Afirka mazauna ƙasar. Daga 2027, tallafin zai taƙaita ga 'yan ƙasa, masu katin zama na dindindin da wasu rukunoni ƙalilan. 'Yan gudun hijira da waɗanda aka bai wa mafaka, muddin ba su samu katin dindindin ba, za su fita daga ciki duk da cewa zamansu halal ne kuma suna biyan haraji.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu adawa da tsawaita tallafin ba su rasa abin faɗa ba. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokoki, CBO, ya ƙiyasta cewa mayar da shi na dindindin zai ci kimanin dala biliyan 350 a shekara goma, a ƙasar da bashi ya riga ya yi wa katutu. Sun ce an kawo shi ne saboda annoba, annobar kuma ta wuce. Sun ƙara da cewa kuɗin aljihun kamfanonin inshora yake shiga, kuma tun da gwamnati ce ke ɗaukar duk abin da ya haura kason mutum, kamfanonin ba su da dalilin rage farashi. Sun kuma kafa hujja da ƙorafe-ƙorafen da aka samu kan dillalan da ke yi wa mutane rajista ba da saninsu ba don su ci la'ada.

Masu goyon baya kuma sun kafa tasu hujjar da wani ƙiyasin na ofishin, cewa kimanin mutum miliyan huɗu za su rasa inshora nan da shekara goma idan aka bar tallafin ya ƙare. Waɗanda za su fara ficewa su ne matasa masu ƙoshin lafiya, a bar marasa lafiya, farashi kuma ya sake hawa a kan kowa.

Akwai gaskiya guda da muhawarar ba ta cika taɓowa ba. Rangwamen haraji mafi girma da gwamnatin Amurka ke bayarwa a fannin inshorar lafiya shi ne wanda ba a gani. Kuɗin da kamfani ke biya wa ma'aikacinsa na inshora ba a lissafa shi cikin albashin da ake yi wa haraji, al'adar da ta samo asali daga ƙayyade albashi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma shigar da ita kundin haraji a 1954. Mutum sama da miliyan 150 ke cin moriyarta, babu iyakar samu, babu fom 8962, kuma mai babban albashi ya fi ƙaramin ma'aikaci amfana. Wanda ke neman na kansa shi ne aka ɗora wa nauyin kirdado da haɗarin mayar da kuɗi.

Inda batun ya shafi Najeriya

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Kafin ita, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Jihohi ma sun kafa nasu hukumomin, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Wannan tallafi ba ya bi ta takardun harajin mutum, don haka babu wanda hukumar haraji za ta ce ya dawo da shi. Sai dai waɗanda ke cikin inshora ba su wuce kimanin miliyan 20 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kiwon lafiya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa.

Inda inshora ta haɗu da haraji a Najeriya shi ne wajen cire-ciren da ake yi kafin a lissafa haraji. Sabuwar dokar ta soke tsohon dunƙulallen sassaucin da ake yi wa kowane ma'aikaci, ta maye gurbinsa da rangwamen kuɗin haya na kashi 20, wanda ba zai wuce naira 500,000 ba. Amma ta bar gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa, tare da ta fansho da ta asusun gidaje, cikin abubuwan da ake cirewa daga samun mutum kafin a ɗora haraji. Naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50.

Lissafin a bayyane yake. Ma'aikacin da ke matakin kashi 18, in ya biya naira 60,000 a shekara ta inshora, harajinsa zai ragu da naira 10,800. Na matakin kashi 15 zai samu sauƙin naira 9,000. Wanda samunsa bai kai 800,000 ba, ko wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata, ba zai samu komai ba, domin dama babu harajin da za a rage masa. Wato tsarin Najeriya ya fi kama da ɓoyayyen tallafin ma'aikatan kamfanoni a Amurka, mai fifita wanda ya fi samu, fiye da rangwamen Obamacare da ke kai kuɗi ga wanda ba ya biyan haraji.

Ga ma'aikacin gwamnati, abin lura shi ne takardar albashi: a tabbata an cire gudummawar inshora kafin a lissafa haraji. Tun da jihohi ne ke karɓar harajin yawancin ma'aikata, ya dace ƙungiyoyin ƙwadago su nemi hukumomin haraji na jihohi su bayyana a rubuce yadda suke ɗaukar abin da ake yanka wa hukumomin lafiya na jiha. Ga ɗan kasuwar Kwari, Singa ko Wuse da ya yi wa iyalinsa rajista, rasit shi ne hujja, domin hukuma na da ikon neman shaida kafin ta amince da kowane cire-cire, kuma wanda ba shi da littafin ciniki ƙiyasi za a yi masa.

Gwamnatin tarayya ta ɗauki alwashin shigar da mutum miliyan 44 cikin inshora nan da 2030. Ba za a kai ga wannan adadi da ma'aikatan gwamnati kaɗai ba, dole a jawo 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, kuma hakan na nufin tallafi gwargwadon ƙarfin mutum. A lokaci guda, sabbin dokokin haraji suna ƙara bai wa hukuma damar sanin samun kowa. Ranar da za a haɗa waɗannan biyu ba ta da nisa, kuma abin da ya faru a Amurka ya nuna kura-kuran da ya kamata a kauce wa tun a matakin rubuta doka: kada a gina tallafi a kan kirdadon samun mutumin da cinikinsa ke bin damina da rani, kada a yanke shi lokaci guda a kan wata lamba, kada kuma a ba shi gajeren wa'adin da zai sa lafiyar jama'a ta zama abin ciniki a duk lokacin da majalisa ta zauna kan kasafin kuɗi.